Ido Kafin Alƙalami: Tarihin Aikin Beatrix Potter, Mai Zanen Littattafan Yara

Duk malamin da ya taɓa raba littattafan karatu a aji ya san abin da yara ke fara yi da zarar littafi ya shiga hannunsu. Babu ruwansu da sunan marubuci, balle gabatarwa. Shafuka za su yi ta buɗewa suna neman hoto, in sun samu su tsaya su ƙura masa ido, in kuwa ba su samu ba sai ka ji an ce littafin ba shi da daɗi, alhali ko layi ɗaya ba a karanta ba. Mun sha ganin haka hatta a ƙananan azuzuwan sakandare, inda ake zaton yaro ya wuce wannan mataki. To amma mu marubuta, yaya muke ɗaukar mai zane? Galibi sai rubutu ya kammala, an yi ciniki da maɗaba'a, kuɗi sun kusa ƙarewa, sannan a tuna da bango. Sai a garzaya wurin mai rubuta allon shaguna a ce ya zana yarinya da mota kafin jibi. Mu kanmu mun taɓa yin haka da wani ɗan littafin tatsuniyoyi da muka shirya wa ɗalibanmu, aka zana mana kura, yaran suka yi ta gardama a kan kare ne ko ɗan akuya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan'uwa tarihin wata mata Baturiya, Beatrix Potter, wadda ta rubuta ƙananan littattafan yara guda 23 kuma ta zana hotunansu da hannunta. Ta rasu tun 1943, amma har gobe ana buga littattafan nata ana sayarwa. Abin da ya ja hankalinmu a tarihinta shi ne tsawon shekarun da ta yi tana kallon dabbobi da tsirrai kafin ta fitar da littafi ko ɗaya, da kuma yadda ta tsaya kai da fata a kan aikinta bayan ta fitar.

An haife ta a birnin Landan ranar 28 ga Yuli, 1866, a gidan masu hali. Dukiyar gidan daga auduga ta fito, domin kakanta na wajen uba, Edmund Potter, yana da katafariyar masana'antar buga zane a kan yadi a arewacin Ingila. Mahaifinta Rupert lauya ne, amma da yake ga abin hannu bai damu da zuwa kotu ba, ɗaukar hoto ya fi ba lokacinsa. Kamar yadda masu kuɗin Ingila ke yi wa 'ya'yansu mata a wancan zamani, ba a sa ta makaranta ba, malamai mata aka riƙa ɗauko mata suna koyar da ita a gida. Ƙanenta Bertram, wanda ta girma da kusan shekara shida, shi aka tura makarantar kwana. Saboda haka ta tashi a saman bene ba ƙawaye, ba abokan wasa, sai dabbobi.

Dabbobin kuwa ba kaɗan ba ne. A ɗakin karatunsu akwai zomaye da ɓeraye da bushiya da jemagu da ƙadangaru da kwaɗi, wasu an saye su, wasu an kamo su a daji an shigo da su a ɓoye. Ita da ƙanenta suna auna su, suna zana su a tsaye da kwance da barci. Idan dabba ta mutu ba su yar da ita haka nan, sukan feɗe ta, su dafa har nama ya rabu da ƙashi, sannan su jera ƙasusuwan su ga yadda kowane ya hau kan ɗan'uwansa. Har yanyawa sun taɓa yi wa haka. Mai karatu zai iya jin ƙyama, mu ma mun ji, amma a nan ne asirin zanenta yake. Wanda ya san inda gwiwar zomo take lanƙwashewa, ko ya sa masa riga ya tsayar da shi da ƙafa biyu, zomo zai ci gaba da zama zomo.

Makarantarta ta biyu ita ce hutun bazara. Duk shekara iyayenta kan kama gida a karkara su yi wata uku. Daga 1871 zuwa 1881 wani gida suke sauka mai suna Dalguise a ƙasar Sikotland, daga 1882 kuma suka fara zuwa Yankin Tafkuna da ke arewa maso yammacin Ingila. A can ne take samun sakewa ta shiga daji da takarda da fensir. A can ne kuma ta haɗu da wani limamin coci, Hardwicke Rawnsley, wanda za mu sake gamuwa da shi a gaba. Cikin abokan mahaifinta akwai shahararren mai zane John Everett Millais, wanda ya taɓa gaya mata cewa masu iya zane suna da yawa, amma ita tana da baiwar lura. Ta kuma tashi tana ganin zane-zanen Randolph Caldecott, gwanin zanen littattafan yara na lokacin, domin mahaifinta yana sayen ayyukansa yana tarawa, kuma ita da kanta ta amsa cewa ta yi ƙoƙarin koyi da shi.

Yawancin abin da aka sani game da ƙuruciyarta daga littafin sirrinta aka samo shi. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar ko ƙasa da haka ta fara rubuta abubuwan da ke faruwa da ita cikin wasu haruffa da ta ƙirƙira da kanta, ta ci gaba har 1897. Babu wanda ya iya karanta shi sai a 1958, shekara 15 bayan rasuwarta, lokacin da wani mai sha'awar ayyukanta, Leslie Linder, ya gano bakin zaren. An buga shi a 1966.

Kuɗin farko da zane ya kawo mata a 1890 ne. Wani kamfani mai suna Hildesheimer & Faulkner ya sayi wasu zane-zanenta na zomo domin katin gaisuwar Kirsimeti, aka ba ta fam 6. Zomon da ta zana nata ne, sunansa Benjamin Bouncer. Don murna sai ta ba shi tukuicin kofi guda na ƙwayar irin wiwi, wayewar gari ta zo za ta ci gaba da zana shi ta tarar ya bugu, ba ya ko iya zama wuri ɗaya. Fam 6 ba wata dukiya ba ce ga 'yar gidan masu kuɗi, amma ita ce karon farko da ta riƙe kuɗin da ba daga aljihun mahaifinta suka fito ba, kuma ga dukkan alamu ɗanɗanon bai bar bakinta ba.

Sai dai a shekarun da suka biyo baya hankalinta ba a kan littafin yara yake ba. Laimar kwaɗi ce ta ɗauke mata hankali, wato irin tsiron nan da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace ko a juji da damina. A ƙasashen sanyi irinsa ya kai ɗaruruwa, wani ana ci, wani guba ne, kuma bambance su sai gwani. A 1892 ta ƙulla zumuncin ilimi da wani dattijo mai raba wasiƙu a Sikotland, Charles McIntosh, wanda tafiyar ƙasa ta kullum ta mai da shi masanin tsirran yankin. Shi ya riƙa aiko mata da samfuri ta gidan waya, ya kuma ba ta shawarar ta riƙa nuna ƙarƙashin laimar da yadda take idan an tsaga ta, domin masana su iya gane irinta daga hoton kawai. Ta yi zane kusan 350 na wannan tsiro da fentin ruwa. Ta samu madubin likita ta shiga nazarin ƙurar irinsa, har ta iya tsirar da ita a kan gilashi a gida, ta rubuta maƙala a kan abin da ta gani.

A nan ta ci karo da bango. Manyan masana na lambun binciken tsirrai na Kew ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, ga ta mace, ga shi ba ta da takardar shaidar jami'a. Da taimakon wani kawunta masanin kimiyya, Henry Roscoe, maƙalar ta kai ga ƙungiyar masana halittu ta Linnean a watan Afrilu na 1897, amma da yake ba a yarda mata su halarci zaman ƙungiyar ba, wani namiji ne, George Massee, ya gabatar a madadinta. Daga baya ta janye maƙalar domin ta ƙara aiki a kanta, kuma ba a taɓa buga ta ba. Bayan shekara 100, a 1997, ƙungiyar ta fito ta amsa cewa ba a kyauta mata ba. Zane-zanen suna nan a gidan tarihi na Armitt da ke garin Ambleside, kuma a 1967 wani masani, W. P. K. Findlay, ya yi amfani da su a littafinsa na gane ire-iren wannan tsiro, abin da ke nuna cewa ba ado kawai ta yi ba.

Mun daɗe a kan wannan ɓangare da gangan. Sau da yawa idan ana ba da labarinta akan yi tsalle daga ƙuruciya zuwa littafin zomo, kamar dai wata rana ta farka da baiwa. A ganinmu shekarun laimar kwaɗi su ne suka gyara mata hannu. Wanda ya saba zana abu yana sane da cewa masani zai duba ya ce ya yi kuskure, ba zai koma ya zana wa yaro ganyen da babu irinsa a duniya ba.

Shi kuwa littafin zomo daga wasiƙa ya samo asali. Malamarta ta ƙarshe, Annie Carter, wadda ta girme ta da shekara uku kacal, ta yi aure ta zama Annie Moore, amma zumuncinsu bai yanke ba. Ranar 4 ga Satumba, 1893, Beatrix tana hutu a Sikotland, ta rubuta wa ɗan Annie mai suna Noel, yaro ɗan shekara 5 da ba ya jin daɗin jikinsa. Da ta rasa abin da za ta gaya masa sai ta ba shi labarin zomaye huɗu 'yan uwa ɗaya, uku masu jin magana, na huɗun, Peter, mai kunnen ƙashi, wanda ya saci jiki ya shiga lambun wani tsoho. Kowane ɓangare na labarin ta yi masa ɗan zane da alƙalami. Washegari ta rubuta wa ƙanensa Eric labarin wani kwaɗo mai kamun kifi, kada ya ji haushi. Peter ɗin ma zomo ne na gaske, tana da shi a gida.

Akwai wani tushe da ya kamata mu ambata, domin ya shafe mu. A daidai waɗannan shekaru, daga 1893 zuwa 1896, ta yi zane-zane na labaran Uncle Remus, waɗanda wani ɗan jarida Ba'amurke, Joel Chandler Harris, ya tattara daga bakin baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Gwarzon labaran zomo ne mai wayo, wanda ke cin nasara a kan manyan dabbobi da dabara, kuma tushensu tatsuniyoyin da bayi suka ƙetare teku da su daga Afirka. Duk wanda ya tashi yana jin Gizo da Ƙoƙi a dandali zai gane irin halin. Ba mu ce Peter ɗan Gizo ne ba, amma zomo mai sata a lambu, mai sa tufafi, mai tsira da ƙyar, yana da dangi a wannan nahiya tamu, kuma wasu manazarta sun yi ƙorafin cewa ba a cika faɗin haka ba.

Shekara bakwai wasiƙar tana ajiye a hannun yaron. A 1900 Annie ta ba ta shawarar ta mai da irin waɗannan wasiƙu littattafai. Ta aro wasiƙar, ta faɗaɗa labarin, ta ƙara zane, ta aika wa kamfanonin ɗab'i. Guda shida suka mayar mata da shi. Wasu sun so a yi babban littafi mai launi a sayar da tsada, ita kuwa ta dage sai dai ƙarami wanda zai zauna a hannun yaro, a kan farashin da iyaye talakawa za su iya biya. Da ta ga ba za a daidaita ba sai ta ciro kuɗinta ta kai maɗaba'a. A watan Disamba na 1901 aka buga mata kwafi 250, zanen ciki baƙi da fari, hoto ɗaya tak mai launi a farko. Ta raba wa dangi, ta sayar da sauran, suka ƙare cikin 'yan makonni, ta sake buga 200 a Fabrairun 1902. Cikin waɗanda suka saya wa 'ya'yansu har da Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes. 'Yan'uwanmu da suka buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano da Kaduna tun daga tsakiyar shekarun 1980, suka ɗauka a ka suka kai kasuwa, ba sai an yi musu bayanin wannan hali ba. Tana da shekara 35 a lokacin.

Limamin nan Rawnsley ya so ya taimaka, sai ya mai da labarin waƙa ya aika wa kamfanin Frederick Warne, ɗaya daga cikin shidan da suka ƙi. Kamfanin ya ce ba ya son waƙar, zuben marubuciyar ya fi, amma da sharaɗin a mai da dukkan hotunan masu launi. Ta zauna ta sake zana su da fentin ruwa. A watan Oktoba na 1902 The Tale of Peter Rabbit ya fito, kwafi 8,000, a kan sule ɗaya, kuma a ƙaramin girman da ta nace a kai. Kafin shekarar ta ƙare an buga 28,000. Zuwa yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 40, an kuma fassara shi cikin harsuna fiye da 30.

To mene ne a cikin hotunan? Mu ɗauki misali biyu ko uku. A shafin da uwar zomaye ke yi wa 'ya'yanta kashedi kada su shiga lambu, rubutun bai ce komai ba game da wanda ya saurara da wanda bai saurara ba. Hoton ne ya nuna 'yan matan uku sun kewaye uwar, shi kuwa Peter ya juya baya, hankalinsa ya riga ya yi gaba. Yaron da bai iya karatu ba ya riga ya san wanda zai jawo rigima. Haka kuma a farkon labari Peter yana tafiya da ƙafa biyu, da shuɗiyar riga da takalma kamar ɗan makaranta, amma da mai lambu ya biyo shi, takalma suka zube, riga ta maƙale, sai ga shi yana gudu da ƙafa huɗu, zomo tsirara kamar kowane zomo da ke neman tsira da ransa. Akwai ma wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da ke bin sa daga shafi zuwa shafi, wanda rubutun bai san da zamansa ba, yara ne ke gano shi su nuna wa manya. Ba ta kuma ɓoye wa yara gaskiyar daji ba, tun a shafukan farko an gaya musu cewa uban zomayen a lambun nan ya gamu da ajalinsa, matar mai lambu ta yi abinci da shi. A shafi guda rubutu, a shafin da ke fuskantarsa hoto, kowane yana ɗauke da rabin kaya.

Wani abu ya faru da ya kamata kowane marubuci ya riƙe. Kamfanin Warne ya yi sakaci bai yi rajistar haƙƙin mallakar littafin a Amurka ba. Nan da nan maɗaba'un can suka shiga buga shi yadda suka ga dama, ko kwabo ba ta samu daga gare su ba, kuma babu kotun da za ta kai ƙara. Ta koyi darasi. A 1903 ta ɗinka 'yartsanar Peter da hannunta ta kai ofishin rajista ta mallake ta, daga baya aka yi wasan allo, da littattafan shafa launi, da takardar ado ta bango, kowanne sai da izininta kuma sai ta duba ta yarda da kamanninsa. Ana lissafa ta cikin mutanen farko da suka yi irin wannan ciniki da tauraron littafi.

Daga nan littattafai suka yi ta fitowa, biyu a shekara, wani lokaci uku. Yadda take aiki bai canza ba, sai ta ga abu da idonta take zana shi. Lokacin da take shirya The Tailor of Gloucester, labarin wani tsohon tela da ɓeraye suka ƙarasa masa ɗinki yana kwance ba lafiya, ta je garin Gloucester ta zana titunansa, ta je gidan tarihi na South Kensington aka fito mata da tufafin ƙarni na 18 ta kwafi surfanin wani falmaran zare bayan zare. Da ta buƙaci ganin cikin shagon tela sai ta tsinke maɓallin rigarta da gangan, ta shiga wani shago a unguwar Chelsea a gyara mata, tela na ɗinki ita tana ƙare wa shagon kallo. Wannan littafi ma da kuɗinta ta fara buga shi, kwafi 500, a 1902, kafin kamfani ya fitar da nasa a 1903, kuma shi ta fi so duk cikin littattafanta. Da ta zo kan labarin bushiya mai wanki da guga a 1905, bushiyarta ta gida ta riƙa ɗorawa a cinya tana zanawa, in an tsayar da ita ta gaji sai ta kai cizo, don haka ta yi 'yartsanar auduga ta sa mata tufafin. Halin bushiyar kuwa daga wata tsohuwa mai yi musu wanki a Sikotland ta ɗauko shi.

Kada mu yi mata yabon da ya wuce kima. Ba ta iya zana mutane sosai ba, kuma ta san haka. Yarinyar da ke cikin labarin bushiya ta ba ta wahala ƙwarai, ta yi ta gogewa tana sakewa, duk da haka in ka duba za ka ga bushiyar ta fi yarinyar rai. Dalili a fili yake, ta yi shekaru tana nazarin ƙashin dabba, ba ta yi wa ɗan Adam irin wannan zama ba.

Editan da ke kula da aikinta a kamfanin shi ne Norman Warne, ƙaramin cikin 'ya'yan mai kamfanin. Kusan kullum suna musayar wasiƙa a kan launi da girman hoto da kalmar da za a cire. Lokacin da take zana labarin ɓeraye biyu da suka yi ɓarna a gidan 'yartsana, gidan da ta so ta kwafa Norman ne ya ƙera shi domin 'yar ɗan'uwansa, amma mahaifiyarta ta hana ta zuwa ta gani, ga ta kuwa tana dab da shekara arba'in. Sai shi ya riƙa aiko mata da hotunan gidan da ƙananan kayan cikinsa. A watan Yuli na 1905 ya nemi aurenta ta amince. Iyayenta suka ƙi, wai shi ɗan kasuwa ne, ba sa'ansu ba, su da arzikinsu daga sayar da yadi ya fito. Ana cikin wannan ja-in-ja, bayan wata ɗaya kacal, ranar 25 ga Agusta, Norman ya rasu da cutar jini yana da shekara 37.

A ƙarshen wannan shekarar ta haɗa kuɗin littattafanta da wani ɗan gado da ta samu ta sayi gona mai suna Hill Top, eka 34, a ƙauyen Near Sawrey cikin Yankin Tafkuna. Shekaru takwas da suka biyo baya su ne ganiyar aikinta, kuma ƙauyen ne ya zama fagen labaranta. Lambun gidan, da matakalar bene, da murhun girki, da shagon ƙauye, da agwagwar da ke ɓoye ƙwanta, da gafiyoyin da suka addabe ta a cikin rufi, duk sun shiga littafi yadda suke, har mutanen ƙauyen kan yi ta gardama a kan kyanwar wa aka zana da ƙofar wa aka nuna. Masu ziyara a yau sukan riƙe littafin a hannu su tsaya a daidai inda ta tsaya su gwada hoton da wurin.

Ta ci gaba da sayen gonaki, kuma lauyan da ke yi mata cinikin filaye, William Heelis, shi ta aura a watan Oktoba na 1913, tana da shekara 47. Daga nan zane ya fara ja da baya. Idanunta sun raunana, ƙananan hotuna irin nata kuwa suna cin ido, ga aikin gona ya cika mata hannu. Duk da haka da kamfanin Warne ya kusa durƙushewa a 1917, bayan an ɗaure ɗaya daga cikin shugabanninsa, Harold Warne, bisa laifin jabun takardun kuɗi, ta tono tsofaffin zane-zanenta ta haɗa musu littafi domin su farfaɗo, ta ƙara da wani a 1918. Na ƙarshe cikin ƙananan littattafan nata ya fito a 1930, kuma shi ma tsohon labari ne da ta daɗe da rubutawa.

Sauran rayuwarta a kan tumaki ta ƙare. Akwai wani irin tumaki na duwatsun yankin da ake kira Herdwick, masu jure sanyi, waɗanda kiwonsu ke neman ɓacewa. A 1923 ta sayi babbar gonar kiwo ta Troutbeck Park, ta ɗauki wani gwanin makiyayi, Tom Storey, tumakinta suka riƙa cin kyaututtuka a bukukuwan nunin dabbobi. Manoman yankin da Misis Heelis suka san ta, tsohuwa mai takalmin katako da ke leƙa bakin rago tana ƙirga haƙora, da yawansu ba su damu da cewa ta taɓa rubuta littafi ba. A 1943 ƙungiyar masu kiwon wannan tumaki ta zaɓe ta shugaba, mace ta farko da aka taɓa zaɓa, amma ba ta kai ga hawa kujerar ba.

Ta rasu ranar 22 ga Disamba, 1943, tana da shekara 77, ba ta bar ɗa ko jika ba. Filayen da ta saya, fiye da eka 4,000 tare da gonaki da gidajen da ke cikinsu, ta yi wasiyya a ba ƙungiyar National Trust, wadda tsohon abokinta Rawnsley yana cikin mutum uku da suka kafa ta a 1895 domin kare wurare daga masu rusawa su yi gine-gine. Ta sa sharaɗin a ci gaba da noma su da kiwon Herdwick a kansu, a kuma bar gidan Hill Top da kayansa yadda ta jera su. An ƙone gawarta kamar yadda wasu Turawa ke yi, aka ba makiyayinta Tom Storey tokar ya watsa a kan tudun da ke bayan ƙauyen, a wurin da ta roƙe shi kada ya nuna wa kowa.